Bakina ne ya karkace, amma daga wuya aka fara

Kwana biyu kafin abin ya faru, wani ciwo ya riƙe ni a bayan kunnen dama, daidai kan ƙashin nan mai tudu. Ban ɗauke shi a bakin komai ba. Hunturu ne, sanyin Katsina ya sauko sosai, ga shi na kwana uku a kan keken ɗinki saboda kayan biki da na karɓa. Na ce kwanciya ce na yi ba daidai ba. Na sha farasitamol, na shafa man zafi, na ci gaba da harkata. Daren Litinin shayi ya yi mini salam a baki, har na yi wa babbar 'yata faɗa cewa ba ta sa sukari ba, alhali ta sa.

Da asubar Talata na ɗauki buta. Na guntsi ruwa zan kurkure baki, sai ya tsiyaye ta gefen dama ya jiƙa mini gaban riga. Na sake guntsa, ya sake zubewa. Da na zo wanke fuska ruwa ya shige mini idon dama, domin idon ya ƙi rufuwa. Na ta da salla a haka, kuma tun daga Bismillahi na san akwai abin da ya same ni. Harafin farko ya ƙi fita. Iska ce kawai ke tsere mini ta gefen leɓe.

Ni malamar Islamiyya ce, ɗinki sana'ar gida ce da nake haɗawa da ita. Shekara goma sha huɗu ke nan ina koya wa yara mafitar haruffa. Ban san sau nawa na ce musu ba'un da mimun da wawun daga leɓɓa biyu suke fitowa ba, fa'un kuma daga cikin leɓen ƙasa da bakin haƙoran sama. A wannan asubar huɗun nan duka suka kuɓuce mini. Da gari ya waye na duba madubi, na ga bakina ya tafi hagu, ɓarin dama kuma ya yi sumul kamar an goge shi da dutsen guga. Babu layin goshi, gira ta sauko, ido a buɗe yana zubar da hawaye.

Maigidana ya yi salati, ya je ya kira mahaifiyarsa. Inna ta dube ni ta ce, "Marin iska ne wannan. Kin fita tsakar gida da dare?" Na ce na fita kwashe shanya. Ta girgiza kai. Daga nan aka shiga yi mini abin da aka sani: tofi, rubutun sha, hayaƙi, habbatus sauda da man zaitun. Maƙwabciyata ta kawo mini cingam ta ce in yi ta tauna ba ƙaƙƙautawa. Rana ta uku aka kira wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya. Kuma duk wanda ya zo shafa mini magani ɓarin hagu yake shafawa, inda bakin ya tafi, don kowa yana ganin nan ne ciwon yake. Ni ma haka na zata.

Ba na ganin laifin Inna, don ƙauna ce ta sa ta zauna a ɗakina kwana huɗu tana tofa mini addu'a, kuma har yau ban bar addu'ar ba. Abin da ke ci mini rai shi ne kwanakin nan huɗu da na yi ban je asibiti ba.

Ranar Asabar ƙanwata ta zo daga Funtuwa. Ma'aikaciyar jinya ce. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Yaya, ɗaga girarki." Ta hagu ta ɗaga, ta dama ko motsi. Ta sa na ɗaga hannuwana biyu, na matse yatsunta, na taka zuwa ƙofa na dawo. Sannan ta juya wajen maigidana ta ce, "Malam, a samo Keke Napep yanzu."

Likitan da ya duba ni ya maimaita abin da ta yi, ya leƙa cikin kunnena yana neman ƙuraje, ya auna jinina, ya sa aka gwada sukari. Sannan ya zaunar da mu ya yi bayani, kuma na riƙe bayanin nan kamar karatu. Ya ce ɓarin daman da ya yi shiru shi ne marar lafiya. Na hagu lafiyarsa ƙalau, jan bakin yake yi saboda babu mai ja daga ɗaya gefen. Ya ce akwai jijiyoyi goma sha biyu a kowane gefe da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, ta bakwai ita ce mai motsa fuska. Tana bi ta wata siririyar hanya a cikin ƙashin kunne, idan ta kumbura a can ba ta da wurin buɗawa, sai ƙashin ya matse ta, saƙo ya daina wucewa. Ana zargin ƙwayar cutar nan mai fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi ce ke tayar da kumburin a wurin mutane da yawa. Sunan ciwon shanyewar Bell, daga Charles Bell, wani likita ɗan Sikotilan da ya yi bayanin aikin wannan jijiya a 1821. Jijiyar ce kuma ke kai ɗanɗanon gaban harshe, shi ya sa shayina ya yi salam. Ita ce ke riƙe da wata 'yar tsoka a cikin kunne mai rage ƙarfin sauti, shi ya sa ƙarar murfin tukunya da dakan maƙwabta suka riƙa sukata a kunnen dama.

Ya ce abin da ya sa suke fara duba goshi shi ne, a shanyewar ɓarin jiki da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa yawanci baki kan karkace amma gira na ɗagawa, kuma sau da yawa hannu ko ƙafa ko magana kan taɓu. Amma ya ja kunnenmu cewa ba a gida ake yanke wannan hukunci ba. Duk wanda bakinsa ya karkace farat ɗaya, a kai shi asibiti a ranar. Sai ya tambayi yaushe abin ya fara. Da na ce Talata, ya yi shiru kaɗan, ya ce maganin rage kumburin, prednisolone, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 72. Ni na zo a rana ta biyar. Duk da haka ya rubuta mini, tare da gargaɗin cewa yana ta da sukari, domin gwajin ya nuna nawa ya ɗan hau. A ranar na fara sanin ina bakin ciwon suga, kuma masu shi sun fi saurin kamuwa da wannan larura, su da mata masu tsohon ciki.

Ni bakina ya dame ni, shi kuma idona. Ya ce baki zai iya jira, amma idon da ba ya ƙiftawa bushewa yake yi, ya yi gyambo, har a rasa gani. Ya ba ni maganin ɗigawa na rana, da mai kauri na dare, ya nuna wa ƙanwata yadda za a ja fatar idon a manne ta da filasta kafin barci. Ya ce in sa tabarau ko tsakar gida zan fita, saboda ƙurar hunturu. Idan na yi ƙoƙarin rufe idon, baƙin kan gudu sama sai fari ya rage. Autana ya gani sau ɗaya ya fashe da kuka, ya kwana biyu ba ya yarda in ɗauke shi. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

An ce mini mafi yawan mutane kan fara ganin motsi cikin mako uku, kuma kusan bakwai cikin goma kan warke sarai. Mako uku suka cika, fuskata tana nan yadda take. Na daina zuwa makaranta. Idan baƙi suka shigo sai in ja hijabi in rufe ɓarin dama, in juya musu gefe guda. Ruwa kuwa sai na kwantar da kai hagu nake iya sha. Haka nake cin abinci, haka nake magana, haka nake ɗinki da ido ɗaya, kai a karkace. Ban san na mayar da wannan zama ɗabi'a ba sai da wuyana ya sandare. Sallama a ƙarshen salla ta koma sai na juya da kafaɗa gaba ɗaya, ga ciwon kai da ke tasowa daga ƙeya ya zagayo har saman ido.

Da na koma, likita ya tura ni sashen gashi. Na ɗauka wurin masu karaya ne da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Wadda aka haɗa ni da ita yarinya ce, ba za ta girmi ɗalibaina na farko da yawa ba. Ta sa na ɗaga gira, na rufe ido, na kumbura kumatu, na yi kamar zan hura wuta. Ta ce a ma'auninsu mai hawa shida, inda ɗaya lafiya ce shida kuma babu motsi ko kaɗan, ina kan biyar. Sai ta zagaya bayana ta ce in sassauta hijabi. Ta ɗora yatsu biyu a ƙasan kunnena ta danna a hankali, na zabura.

Na ce, "'Yata, bakina ne fa ya karkace, ba wuyana ba."

Ta ce, "Na sani, Malama. Ba ni hannunki."

Ta ɗauki yatsana ta ɗora a kan ƙashin nan mai tudu na bayan kunne, inda ciwon ya fara. Ta ce a ƙarƙashinsa, ta ciki, akwai wata 'yar ƙofa da jijiyar fuska ke fitowa daga ƙoƙon kai, ta ratsa ta gaban kunne, ta rabu gida biyar kamar yatsun hannu: goshi, gefen ido, kunci, haɓa, na biyar kuma ya gangara wuya. Daga nan ta sa na juya kai hagu, ta bi da yatsana kan wata tsoka mai kauri kamar igiyar guga, wadda ta taso daga wannan ƙashin ta sauka har ƙashin ƙirji da na wuya. Ta ce in taɓa ta hagu in kwatanta. Ta hagun tana da laushi. Ta daman kamar an tsuke ta da zare, ga wasu ƙulli biyu da idan an danna su nake jin zafin har cikin kunne da saman gira.

Ta kwantar da ni rigingine, ta ɗora tawul mai ɗumi a wuyan na ɗan lokaci. Sai ta kama tsokar tsakanin babban yatsa da manuni, ta ɗan ɗaga ta, ta riƙe ƙullin ba tare da murzawa ba, ta ce in yi ta numfashi a hankali. Zafin ya hau, ya tsaya, sannan na ji yana narkewa kamar man shanu a rana. Ta matsa gaba kaɗan ta sake. Da ta gama da wannan ta zura tafukanta ƙarƙashin kaina, ta kafa kan yatsunta a ƙeya daidai inda ƙoƙon kai ya haɗu da wuya, ta ce in sakar mata nauyin kaina duka. Na kasa. Sau uku tana cewa, "Malama, har yanzu ke ke ɗauke da shi." Da na saki daga ƙarshe, hawaye suka zubo mini ta idon da ke rufuwa da wanda ba ya rufuwa. Ban san wata guda na yi ina riƙe da kaina kamar mai ɗauke da tulu ba. Bayan nan ta miƙar da wuyan gefe da gefe a hankali, ta tausa kafaɗa da ƙasan muƙamuƙi, sai a ƙarshe ta zo kan fuskar, tana shafawa da kan yatsu daga haɓa zuwa kunne, daga gira zuwa gashi.

A daren na yi barcin da rabona da shi tun kafin ciwon. Da na koma na ce mata ai na samu magani, a bar komai a yi ta tausar wuya. Amsar da ta ba ni ita ce ta sa na yarda da ita har yau. Ta ce, "Malama, kada in yaudare ki. Inda jijiyarki ta kumbura cikin ƙashi ne, yatsana ba ya kaiwa can. Tausa ba ta ɗinke jijiya. Jijiya da kanta take tsirowa, idan ta lalace sosai kamar milimita ɗaya take yi a rana. Bincike bai tabbatar da cewa tausar wuya na sa ta sauri ba. Abin da nake yi shi ne in cire miki ciwon, in miƙar da kanki, in sa tsokokin su yi laushi, don ranar da saƙo ya fara isowa ya tarar da wuri a shirye. Kuma ba za ki iya koyon motsa fuska daidai ba kina kallon madubi da kai a karkace."

Na ga gaskiyar maganarta da idona. Akwai wata mai tsohon ciki da muke haɗuwa a layi, ita a rana ta biyu ta zo asibiti. Ba a taɓa wuyanta ba ko sau ɗaya, kuma cikin wata guda fuskarta ta dawo. Don haka ba zan ce wa kowa tausar wuya ce maganin karkacewar baki ba. Abin da zan iya shaida a kai shi ne abin da ta yi mini ni.

A mako na biyar wani abokin maigidana ya kawo labarin wani mai gyaran wuya da ke murɗa kai ya ba da ƙas, wai nan take baki ke komawa. Maigidana ya so mu je, don ya gaji da ganina a haka. Na ce bari in tambaya tukuna. Fuskar yarinyar nan ta canza da na faɗa mata. Ta ce akwai jijiyoyin jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya suna kai jini ƙwaƙwalwa, fizgar kai da ƙarfi na iya tsaga bangonsu, mutum ya tashi da shanyewar ɓarin jiki ta gaske. Ta kuma nuna mini inda jini ke harbawa a gaban wuya, gefen maƙogwaro, ta ce ko ni da kaina kada in danna wurin. Da na faɗa wa Malam ya ce, "Allah ya tsare, an bar maganar."

Sau biyu a mako nake zuwa, sauran kwanakin aikin gida ne. Yarinyar sashen gashin ta hana ni cingam, ta ce taunawa aikin wata jijiya ce dabam, ba abin da zai ƙara wa wadda ta kwanta. Ta hana ni yamutsa fuska da ƙarfi. Bayan sallar walha nakan ɗumama tawul, in tausa wuyan yadda ta koya mini, 'yata ta riƙe mini madubi, in yi ƙoƙarin ɗaga gira kaɗan, in yi murmushi kaɗan, ina dafe ɓarin hagu da tafi don kada ya ƙwace aikin. Mako da mako babu abin da ke motsi. Akwai ranakun da nake kifa madubin in shiga ɗaki. Inna ce ke biyo ni ta ce, "Tashi, ɗiyata, mai haƙuri shi kan dafa dutse." Ita da ta ce marin iska ne, ita ta koma mai tuna mini ranar zuwa gashi, wani lokaci har ta raka ni.

A mako na bakwai 'yata ta ce, "Umma, sake yi." Na sake. A gefen hancina na dama wani ɗan wuri ya motsa, bai fi ƙwayar gero ba. Muka yi ta kallonsa. Na yi sujada a nan kan tabarma.

Daga nan abin ya riƙa zuwa a hankali. Gefen baki, sannan ido, gira ce ta zo ƙarshe. A wata na uku na daina manne ido da filasta. Na ɗauka an gama, na daina zuwa asibiti.

Wajen wata na biyar sai wani sabon abu ya ɓullo. Idan ina cin abinci idon dama ya riƙa tsukewa yana kawo ruwa. Idan na yi murmushi sai wata igiya ta miƙe a wuyana daga haɓa zuwa ƙashin wuya, ta ja gefen bakin ƙasa. Kuncin da a da yake sake ya koma a ɗaure. Na tsorata, na zata ciwon ne ya dawo. Da na koma sashen gashi yarinyar nan ta ce wannan kan faru ga waɗanda jijiyarsu ta daɗe kafin ta farfaɗo. Wajen tsirowa wasu zaruruwan kan ɓace hanya, wanda ya kamata ya je baki ya tafi ido, na kunci ya gangara wuya. Ta tuna mini reshe na biyar da ta nuna mini ranar farko. Akwai wata tsoka marar kauri, shimfiɗe a ƙarƙashin fatar wuya kamar mayafi, kuma jijiyar fuska ce ke motsa ta. Yanzu duk lokacin da na nemi murmushi ita ma sai ta amsa, tana ja ƙasa yayin da kunci ke ja sama.

A nan ne na ga amfanin aikin wuya ƙarara, fiye da na farko. Ta koya mini in kama fatar da tsokar tare, in ɗaga, in riƙe, in ja ƙasa a hankali ina ɗaga haɓa. Ta sa safar hannu ta zura babban yatsa cikin kuncina, ta miƙar da shi daga ciki, ta ce in riƙa yi da hannu mai tsabta safe da yamma. Atisayen madubi ma ya sauya: in yi murmushi ɗan kaɗan, in tsaya daidai inda ido ko wuya ya fara shiga, in saki, in sake. Duk ranar da na sassauta wuyan kafin in fara, gefen bakina kan hau fiye da ranar da na yi ƙyuya. Wannan na gwada shi ba sau ɗaya ba.

Shekara uku ke nan. Wanda bai san ni da ba ba zai lura da komai ba, sai in na yi dariya sosai ko na gaji, idon dama kan ɗan ƙanƙance. Har yanzu idan na ci abu mai tsami yana kawo ruwa, shi ya sa ba na rabuwa da hankici. Na ɗaga teburin keken ɗinkina da bulo biyu don in daina sunkuyawa, ina shan maganin suga, kuma ba na kwanciya ban tausa wuyana ba. Mata biyu a unguwarmu abin ya same su bayana. Duka biyun an aiko a kira ni don in yi musu irin tausar da aka yi mini, duka biyun kuma na ce a fara samo abin hawa, na raka su asibiti a ranar.

Na koma aji a wata na shida. Na roƙi shugaban makaranta ya ba ni 'yan ajin farko, masu fara haɗa baƙi. Ranar da na shiga suka yi tsit suna kallon bakina, don sun ji labari a gida. Na zauna, na buɗe littafi, na haɗa leɓɓana biyu na ji sun kama juna. Na ce, "Ku ce ba." Suka ce ba. Wata 'yar ƙarama a gaba ba ta rufe leɓenta sosai ba, na matso da ita kusa, na ce ta kalli nawa.